Kada a Goge Adadin da Ya Fita Zakka

A ƙaddara wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Gwiwa, bayan an gama girbin gero. Malamin gona ya zo da takardarsa, ya zauna a ƙofar gidan mai unguwa, ya tambayi magidanta goma dami nawa kowa ya ɗaure bana. Na farko ya ce 30. Biyu suka ce 35, uku suka ce 40, biyu suka ce 45, ɗaya ya ce 50. Na goma, wani alhaji mai tarakta da gonaki a ƙauyuka uku, ya ce 640. Malamin ya tara ya sami dami 1,000, ya raba gida goma, ya rubuta cewa manomin wannan ƙauye yana samun dami 100 a shekara.

Lissafinsa daidai ne, babu malamin makarantar da zai sa masa jan biro. Amma a cikin mutum goman nan babu ko ɗaya da ya ɗaure dami 100. Tara daga cikinsu ba su wuce rabin haka ba. Idan takardar ta isa Dutse, kuma da ita za a zaɓi ƙauyukan da za a kai wa tallafin taki ko na hatsi, to wannan ƙauye ya fita daga jeri saboda rumbun mutum guda.

A sake ƙaddarawa cewa takardar ta faɗa hannun wani jami'i da ya ɗan taɓa karatun ƙididdiga. Ya ga 640 a tsakiyar su 30 da 50, ya ce kuskuren rubutu ne, ya goge. Matsakaici ya dawo 40, rahoto ya yi tsaf. Sai dai abin da ya goge shi ne labari mafi girma a ƙauyen: kusan kashi biyu cikin uku na hatsin da aka ƙirga yana hannun mutum ɗaya. Shi ne zai ba da bashin hatsi idan bazara ta yi tsanani, shi ne zai yanke farashi, kuma wataƙila gonakin sauran taran ne suke komawa hannunsa kaɗan-kaɗan ta hanyar jingina.

Malamin farko ya bar adadi ɗaya ya yi sarauta a kan tara. Jami'i na biyu ya kashe shi ya binne. Laifinsu guda ne: babu wanda ya koma ƙauyen ya tambaya. Wannan laifi kuwa ya zama ruwan dare a ofisoshin gwamnati, da ƙungiyoyin agaji, da kundayen ɗalibai, da ɗakunan labarai, kuma talakan Roni da Gwiwa ne yake biyan kuɗinsa ba tare da ya san an ci shi tara ba.

Wake ɗaya da gari

Manomi ya san zakkar gero: a cikin dami goma ana fitar da ɗaya. Daga nan Bahaushe ya samo maganar "ya fita zakka" ga wanda ya ware daga 'yan'uwansa a hali ko kama. Masana ƙididdiga suna da irin wannan a cikin alƙaluma, wato adadin da ya yi nisa da sauran har ido ya tsaya a kansa. Yakan fi su girma nesa ba kusa ba, ko ya fi su ƙanƙanta.

Illarsa tana bayyana ne a kan matsakaici, wanda ake samu idan aka tara duka aka raba daidai. Matsakaici ba shi da ƙashin baya; duk wanda ya fi nauyi shi yake janye shi. Da Alhaji Aliko Ɗangote zai tsaya a wata majalisar masu shayi a Roni ya zauna a kan benci, da nan take matsakaicin dukiyar mazauna bencin ya koma biliyoyin naira, alhali mai shayin bai daina bin su bashin jiya ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, in ji masu iya magana, kuma babu garin da ya kai matsakaici saurin ɓaci.

Akwai wani ma'aunin da wake ɗaya ba ya iya ɓatawa. A jera lambobin daga ƙarami zuwa babba kamar sahu, a ɗauki wanda ya tsaya a tsakiya. A ƙauyen nan na Gwiwa, na tsakiyar sahu dami 40 ne. Ko alhajin ya ɗaure 640 ko 6,400, na tsakiya yana nan a 40, domin matsayinsa a sahu ake dubawa, ba nauyin na ƙarshe ba. Wannan ma'auni yana cikin manhajar lissafin sakandare, kuma Excel yana fitar da shi cikin daƙiƙa guda. Duk da haka da wuya a ji shi a jawabin kwamishina ko a kanun jarida. Dalili a fili yake: a ƙasar da 'yan kaɗan suka tara da yawa, matsakaici ya fi na tsakiyar sahu daɗin faɗa.

Jihar Jigawa kanta ta san ciwon ɓuya a cikin matsakaici. Rahoton talauci na 2019 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar ya ce kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya suna rayuwa ƙasa da naira 137,430 a shekara. A cikin rahoton nan dai, Legas tana da kashi 4.5, Jigawa tana da kashi 87, Sakkwato da Taraba ne kawai suka ɗara ta. Wanda ya ji "kashi arba'in" ya tsara manufa a kai, ya tsara ta ne domin wata ƙasa da ba Legas ba kuma ba Jigawa ba. A gwajin tsawon yara na 2018 ma haka abin yake: kashi 37 na yaran ƙasar sun tsumbure, amma a Jigawa adadin ya haura kashi 60. Idan 'yan Jigawa suna ƙorafin cewa matsakaicin Abuja yana haɗiye su, ya kamata su tambayi kansu ƙauyuka nawa matsakaicin Dutse yake haɗiyewa.

Idan aka bar shi ya yi sarauta

Masarautar Kazaure ƙananan hukumomi huɗu ce: Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi. Garin Kazaure shi ne fadar sarki, yana kan babbar hanyar Kano zuwa Daura, yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, da babban asibiti, da bankuna, da ma'aikata masu albashi. Duk wani ma'auni da aka ɗauka, ko yawan masu takardar sakandare, ko matan da ke haihuwa a asibiti, ko gidaje masu lantarki, hankali ya isa ya nuna cewa cikin garin Kazaure zai yi wa ƙauyukan duwatsun Roni fintinkau. Idan aka zuba su a ƙwarya ɗaya aka fitar da "matsakaicin yankin Kazaure", an ara wa Roni da Gwiwa rigar da ba tasu ba, an kuma hana su abin da tsiraicinsu zai sa a ba su.

Wani lokaci adadin yana fita zakka ne saboda wurin da aka ƙirga, ba saboda mutanen wurin ba. A Kazaure asibitin masu taɓin hankali na jihar yake. Wanda ya ɗauki rajistar asibitoci ya raba marasa lafiya bisa garin da aka duba su, zai ga Kazaure ta yi sama kamar hasumiya, ya kuma rubuta cewa ciwon ƙwaƙwalwa ya yi katutu a garin. Alhali daga ko'ina ake kawo su, har daga jihohin maƙwabta. Babura ma tana da irin nata. Tana dab da iyakar Nijar, tana maƙwabtaka da Katsina da Kano, kuma mai neman magani ko kasuwa ba ya tambayar inda layin taswira ya bi. Yaran da aka yi wa allura a wani asibitin yankin za su iya fin yawan yaran da takarda ta ce suna zaune a wurin, musamman da yake yawan jama'ar da ake raba lissafi da shi hasashe ne da aka ɗora a kan ƙidayar 2006, tunda wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Adadin gaskiya ne, fassarar ce za ta iya zama ƙarya.

Kada a ɗauka wannan ciwon ƙananan ma'aikata ne kawai. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da nazarin da ya ce ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da suke samarwa a shekara, tattalin arzikinsu ja da baya yake yi, da matsakaicin kashi 0.1 ƙasa da sifili. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙe wannan hujja suna tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi mai suna Thomas Herndon a jami'ar Massachusetts, tare da malamansa biyu, ya karɓi jadawalin ya bi shi layi-layi. Ya tarar da kuskuren da ya bar wasu ƙasashe a wajen lissafi. Ya kuma tarar da cewa shekara ɗaya tak ta ƙasar New Zealand, wato 1951, shekarar da aka yi babban yajin aikin ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa kuma alƙaluman suka nuna faɗuwar kashi 7.6, an ba ta nauyi daidai da shekaru 19 na Birtaniya. Da aka gyara, matsakaicin ya koma ƙaruwar kashi 2.2. Idan shekara guda a wani tsibiri mai nisa ta iya karkatar da muhawarar kasafin kuɗin nahiya, me zai hana rumbun alhaji guda karkatar da rabon takin gunduma?

Idan aka binne shi

Laifi na biyu ya fi na farko haɗari, domin shi a ɓoye ake yinsa, kuma da sunan ƙwarewa. Ana kiransa "tsaftace bayanai". Ɗalibi ya raba takardar tambayoyi ɗari biyu, wasu amsoshi suka ƙi bin ra'ayin da ya riga ya rubuta a babi na ɗaya, sai mai shagon kwamfutar da ke buga masa kundi ya ce a cire su sakamako ya fito. Ƙwararren da aka ɗauko haya daga Abuja yana da kwana uku ya miƙa rahoto, ba shi da lokacin zuwa Gwiwa, sai ya danna maɓalli layukan da suka dame shi su ɓace. A rahoton ƙarshe babu ko jimla ɗaya da ta ce an cire wani abu, balle nawa, balle don me.

Abin da ya faru a Zamfara ya isa ya hana duk mai hankali wannan ɗabi'a. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suna zagayen sa ido kan sanƙarau sai suka ji labarin wasu ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum inda ƙananan yara ke mutuwa da yawan da ya wuce misali, bayan farfaɗiya da suma. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba, na sanƙarau ma haka. Da aka gwada jinin yaran, gubar dalmar da ke ciki ta wuce iyakar abin da ƙaramar na'urar gwajin take iya karantawa. Duwatsun zinare ne da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a ƙasar da yara ke rarrafe. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida, kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya mutu a cikin shekara guda. Jimillar yaran da suka rasu ta kai kimanin 400.

A jihar da ke da miliyoyin mutane, mutuwar yara 400 ba za ta motsa matsakaicin shekara yadda ido zai lura ba. A jadawalin ƙauye-ƙauye kuwa, waɗannan ƙauyuka za su fito ne a matsayin layukan da "ba su yi kama da gaskiya ba". Sakamakon gwajin da ya wuce ƙarfin na'ura shi ne ainihin irin adadin da mai gaggawa yake cewa na'ura ce ta lalace. Yaran da aka ceto daga baya sun rayu ne saboda wasu mutane sun ɗauki baƙon adadi a matsayin kira, suka tashi suka je. Ruwa ba ya tsami banza.

Masana sararin samaniya ma sun sha wannan darasi. Tauraron ɗan'adam na Amurka mai suna Nimbus-7 yana auna iskar ozon, wadda ke kare duniya daga zafin hasken rana mai cutarwa, tun daga 1978. An tsara manhajarsa ta sa alamar shakku a kan duk awon da ya yi ƙasa ƙwarai, bisa zaton cewa irin wannan ba ya yiwuwa. Sai a watan Mayun 1985 wasu masana uku na Birtaniya, Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, suka buga abin da suka auna daga ƙasa a tashar Halley da ke yankin ƙanƙara na kudancin duniya: rufin ozon ya huje. Da aka koma kan awon tauraron, ramin yana nan a cikin alƙaluman da aka yi wa alamar shakku. Shekara biyu bayan haka aka sa hannu a yarjejeniyar Montreal. Sa'ar da aka yi ita ce an ware alƙaluman ne, ba a goge su ba.

A nan gida, daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, cikin masarautar Ringim da Babura take. Jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Duk wanda zai yi nazarin haɗurran hanya na Jigawa na shekaru goma zai ga 2024 ta yi tsalle, kuma za a sami mai cewa a cire Majiya domin "tsautsayi ne na rana ɗaya" da zai ɓata tsarin zane. Wata uku kacal bayan haka, ranar 18 ga Janairun 2025, irin wannan ya faru a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, mutum sama da 80 suka mutu. Abin da ya maimaita kansa cikin wata uku ba baƙo ba ne. Asibiti da hukumar kashe gobara ba a shirya su domin matsakaiciyar rana. Domin mummunar ranar ake shirya su, kuma wanda ya goge mummunar rana daga lissafi ya goge dalilin shirin.

Hujjar masu gogewa

Masu gogewa suna da hujja, kuma adalci ne a saurare ta. Suna cewa yawancin adadin da ke fita zakka a binciken karkara kurakurai ne tsagwaronsu. Wannan gaskiya ne. Mai ɗaukar bayani yakan ƙara sifili bisa kuskure, 64 ta zama 640. Wani yakan rubuta amfanin gona da kwano, abokin aikinsa ya rubuta da buhu, a zuba su a layi ɗaya. A manyan binciken gida-gida akan sa lamba 98 a madadin "ban sani ba", wanda bai karanta bayanin ba sai ya tarar da mata masu 'ya'ya 98. Sikeli yakan lalace, yaro yakan yi ta mutsu-mutsu a kan allon awo. Barin irin waɗannan a cikin lissafi sakaci ne.

Sai dai wannan hujja tana wajabta bincike ne, ba ta halatta gogewa ido rufe ba. Adadin da ya fita zakka ɗayan uku ne. Ko dai kuskure ne, a gyara shi ko a cire. Ko gaskiya ne amma na wani rukuni dabam, kamar alhajin Gwiwa ko asibitin Kazaure, a ware shi a ba da labarinsa shi kaɗai. Ko kuwa gargaɗi ne, kamar ƙauyukan Anka, a bar komai a bi shi. A fuskar kwamfuta su ukun kamarsu ɗaya. Babu dabarar lissafin da za ta bambance 640 na kuskuren biro da 640 na mai tarakta. Wanda ya san ƙauyen ne kawai zai iya, ko wanda ya ɗaga waya ya kira mai unguwa.

Sukan ce kuma ai ba da son rai suke yi ba, ƙa'ida suke bi. Ƙa'idar da aka fi yawan ambata ita ce a auna yadda lambobi suka warwatsu daga matsakaici, a sami ma'aunin tazara, sannan a cire duk wanda nisansa ya wuce wannan ma'auni sau uku. A gwada ta a kan manoman nan goma. Matsakaici 100 ne, ma'aunin tazara ya kama kusan 190, sau uku ya zama 570. Nisan alhaji daga matsakaici 540 ne. Ƙa'idar ta ce bai fita zakka ba. Abin da ya faru shi ne, shi da kansa ya kumbura ma'aunin da za a auna shi da shi, kamar ɓarawon da aka ba aikin gadi. Hasali ma lissafi ya tabbatar da cewa a cikin lambobi goma, komai girman ɗayansu, ba zai taɓa tsallake wannan iyaka ba. A rahoton wata-wata mai lambobi 12, idan watanni biyu suka yi tsalle iri ɗaya, kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Ƙa'idar da ake taƙama da ita tana makancewa a daidai ƙananan jadawalan da ofisoshin ƙananan hukumomi suke aiki da su kullum.

Akwai wadda ta fi ta. Masanin ƙididdiga John Tukey ya bayyana ta a littafinsa na 1977: a jera lambobi, a raba sahun gida huɗu, a auna faɗin rabin da ke tsakiya, sannan a sa alama a kan duk wanda ya yi nisa da gefen wannan rabi fiye da faɗin sau ɗaya da rabi. A ƙauyen Gwiwa rabin tsakiya yana tsakanin 35 da 45, faɗinsa 10, iyakar sama 60. Nan take 640 ta bayyana. Amma ko wannan aikinta nuni ne. Tana cewa "duba nan", hukunci kuwa na mai binciken ne.

Inda abin ya fi tsanani shi ne awon tamowa. Masu binciken abinci mai gina jiki suna da ƙa'idojin zubar da awon da ake ganin jikin ɗan'adam ba zai iya kaiwa ba, kuma wasu ƙa'idojin sun fi wasu tsauri. Matsalar ita ce yaron da ya fi kowa ramewa shi ne awonsa ya fi kama da kuskure. Idan aka tsaurara ƙa'ida, ana iya zubar da shi tare da kurakuran, adadin masu tamowa mai tsanani ya ragu a takarda, kayan abincin da za a nema wa yankin su ragu a sito. A jihar da yara sama da rabi suka tsumbure, layin da aka goge yana iya zama yaro mai suna, mai uwa, wanda ba zai ga wata damina ba.

Tsintsiyar da ke shara gefe ɗaya

Da a ce ana goge duk adadin da ya fita zakka ba tare da duba fuskarsa ba, da sai a kira abin jahilci. Amma wanda ya lura zai ga tsintsiyar gefe ɗaya take shara. Asibitin da ya kawo rahoton mutuwar mata masu ciki da ya ninka na saura, ana cewa ma'aikacin bai iya cike takarda ba. Asibitin da ya kawo rahoton cewa ya yi wa kashi 120 cikin ɗari na yaran yankinsa allura, ana tafa masa a taro. Makarantar da duk ɗalibanta suka faɗi ana cewa a sake dubawa. Wadda duk ɗalibanta suka ci lissafi ba tare da malamin lissafi ba, ana kai ta rediyo. Adadi mai ɗaci kuskure ne, mai zaƙi nasara ce. Wannan ya tashi daga jahilci ya koma son zuciya.

Ƙasar nan ta ga inda wannan hanya take kaiwa. Shekara da shekaru takardun ofis suna nuna cewa yaran da suka karɓi zagaye na uku na allurar Penta sun haura kashi 90 cikin ɗari, wasu wuraren ma sun wuce ɗari, abin da ya isa ya sa a tsaya a yi tambaya. Da aka bi gida-gida a binciken 2016 zuwa 2017, aka duba katin yara aka tambayi iyaye mata, sai ga shi kashi 33 ne a ƙasa baki ɗaya. A Jigawa bai kai kashi 10 ba. A 2017 hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yara. Binciken 2021 ya nuna Jigawa ta kusa rabi. Ba a kai gaci ba, amma an motsa, kuma motsin ya fara ne ranar da aka yarda da adadi mai ɗaci. Duk shekarun da aka yi ana tafa wa mai zaƙi, yara ne suka biya da ƙyanda da tarin shiƙa.

'Yan jarida ba su da bakin zargin kowa a nan. Sanarwar da ta ce "matsakaicin abin da manomi ya samu ya ninka" tana shiga labaran ƙarfe bakwai yadda aka aiko ta. Babu mai tambayar manoma nawa aka ƙirga, a waɗanne ƙauyuka, wane ne na sama, wane ne na ƙasa, me na tsakiyar sahu ya samu. Tambayoyi ne da ba sa buƙatar digiri a lissafi, tunda duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san ba a yarda da saman buhu, sai an soka an ga na ciki.

Abin da ya wajaba

Gyaran ba shi da tsada. Duk rahoton da ya kawo matsakaici ya kawo na tsakiyar sahu a gefensa, da mafi girma da mafi ƙanƙanta. Idan biyun farko suka yi hannun riga, mai karatu ya san akwai magana. A zana alƙaluma a gani da ido kafin a fara lissafi, domin ɗigo guda da ya ware a zane ba ya ɓuya. Kada a cire adadi sai an rubuta wanne aka cire, da dalili, da sunan wanda ya yanke hukunci, kuma a adana jadawalin asali yadda ya zo daga ƙauye. A nuna sakamako iri biyu, da shi da kuma ba shi, mai karatu ya ga ko maganar ta tsaya da ƙafarta ko a kan mutum ɗaya ta jingina. A yanke ƙa'idar tsaftacewa kafin a ga sakamako, kuma ta hau kan adadi mai daɗi yadda take hawa kan mai ɗaci.

Hukumar ƙididdiga ta jiha da ma'aikatun lafiya, ilimi da gona su riƙa fitar da alƙaluma har zuwa matakin mazaɓa, yadda Roni za ta ga fuskarta ba tare da ta leƙa ta kafaɗar Kazaure ba. Malaman da ke duba kundayen ɗalibai a Kazaure da Dutse da Kano su daina karɓar babi na huɗu sai da jadawalin asali, su kuma saka wa ɗalibin da ya rubuta "wannan amsa ta saɓa wa saura, ga abin da na gano da na koma" da maki mafi tsoka, domin shi ne ya yi bincike. Masu ba da kwangilar nazari su sa kuɗin komawa fili a cikin kasafi tun farko.

Komawar ita ce ginshiƙi. Daga Kazaure zuwa kowane ƙauye a Gwiwa ko Roni tafiyar yini ɗaya ce a kan babur, a je a dawo. Malamin gonan da ya ga 640 a takardarsa, abin da ake nema gare shi bai wuce man babur da tambaya ɗaya ba: "Ranka ya daɗe, dami ɗari shida da arba'in ka ce, ko sittin da huɗu?" Idan kuskure ne, an gyara. Idan gaskiya ne, an gano wanda ke riƙe da abincin ƙauyen, an kuma gano magidanta tara da ya kamata sunansu ya kasance a jerin masu karɓar taki kafin ruwan farko ya sauka.